Ragewa ne ko dainawa? Muhawara kan Turancin tsuke bakin aljihu

Maman Tagwaye, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Malaman Turanci ku raba mini gardama. 'Yan biyuna suna aji shida na sakandare, ga WAEC ta ƙarato. An ba su wani rubutu kan tsadar rayuwa su karanta su amsa tambayoyi. A ciki akwai cut down on, akwai cut back on, akwai cut out, can ƙasa kuma ga do without. Hassana ta ce duk abu ɗaya ne, ragewa. Usaina ta ce sam ba haka ba ne. Tun bayan la'asar suke kai.

Mai Shago, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Nima na zauna in ji, don kullum ina cin karo da su a labaran waya.

Malamar Turanci, Samaru:
Wa alaikumus salam Maman Tagwaye. Usaina ce ke da gaskiya. Biyun farko ragewa ne, na uku dainawa ne, na huɗu kuwa haƙura ne da abu a ci gaba da rayuwa ba shi.

A duba shayin safe. Wanda ya saba zuba sukari cokali uku ya koma ɗaya, shi zai ce "I have cut down on sugar." Yana nan yana sha, ya dai rage. Ranar da ya daina zubawa kwata-kwata sai ya ce "I have cut out sugar." In kuwa an wayi gari gwangwanin ya ƙare, kuɗin saye babu, aka sha shayin haka nan, to "we did without sugar" ke nan. A biyun farko aikatau bai canza ba, cut ne nan, cut ne can. Ƙaramar kalmar da ke rako shi ita ke ɗauke da ma'anar. Down na nuna abu ya yi ƙasa amma yana nan. Out na nuna an fitar da shi gaba ɗaya. Irin wannan haɗin na aikatau da ɗan rakiyarsa shi ake kira phrasal verb.

Tsakanin cut down on da cut back on kuwa bambancin kaɗan ne, babu mai duba takarda da zai soke wa yaro don ya sa ɗaya a madadin ɗaya. Sai dai kunne ya fi sabawa da down in ana maganar abin da ke shiga jiki, kamar gishiri, taba, lemon kwalba. Back kuma ya fi yawo in ana maganar kuɗi, na gida ne ko na kamfani ko na gwamnati. Mai lambu in ya datse rassan bishiyar da suka yi tsawo, cut back ya yi. Shi ya sa ma'anar ke ɗauke da cewa da an faɗaɗa, yanzu an ja da baya.

Ɗan Kongo:
Malama, da girmamawa, ni ina ganin wahalar da yaran nan kawai ake yi. Akwai reduce, akwai stop. Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya, ba ruɗani. Mu a ɓangaren shari'a nan Kongo ta Zariya duk takardun da muke karantawa reduce ne da terminate da discontinue, ban taɓa ganin doka ta ce cut back on ba. Yaron da ko jimla ɗaya bai gama iya haɗawa ba, a ɗora masa cut kala biyar? A koya masa reduce ya wuce wurin.

Malamar Turanci, Samaru:
Ƙanena, rabin maganarka na karɓa. A wasiƙar neman aiki ko wasiƙa zuwa ga hukuma, ni da kaina reduce nake cewa su rubuta. Amma rubutu zaɓin yaro ne, karatu ba zaɓinsa ba ne. Ba shi ke rubuta takardar jarrabawa ba, ba shi ke rubuta jarida ba. A WAEC akwai tambayar da ake ciro kalma daga cikin rubutun a ce ya kawo wata da za ta maye gurbinta a yadda aka yi amfani da ita. In aka ciro cut out ya rubuta reduce, ya rasa makin, don eliminate ko stop ake nema. Ka ga ke nan ko reduce ɗin taka ba zai san inda zai sa ta ba sai ya san waɗannan.

Tsohon Hedimasta, Ƙofar Doka:
Ɗana na Kongo, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma yana da dalili. Turanci harshe ne mai tushe biyu. Ƙananan kalmomin nan, give da put da up da out da down, tsofaffin kalmomin gida ne, da su talakan Ingila ke magana. Bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da makaranta. Ta wannan ƙofa su reduce da eliminate da terminate suka shigo. Don haka har gobe lauya na rubutu da na fada, uwa kuma na yi wa ɗanta faɗa da na gida. Kai ka zauna a ɓangare ɗaya ne kake ganin shi kaɗai ne gidan.

Su kansu Turawan sun san wuyar abin. Samuel Johnson, da ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1755, ya ambata a gabatarwa cewa wannan haɗin na cikin abin da ya fi ba baƙon harshen wahala. To in mai harshe ya yarda da wuya, mu ba za mu ce wa yaranmu abu ne mai sauƙi ba. Amma wuya ba hujjar tsallakewa ba ce.

Ɗan Kongo:
Allah ya ƙara girma Baba. Na fahimci tarihin. Amma har yanzu ina ganin in ba don jarrabawa ba, mutumin Zariya zai yi rayuwarsa lafiya bai san bambancin down da out ba.

Nas, Tudun Jukun:
A nan kam ban yarda da kai ba ko kaɗan. Ka zo ɗakin masu ciwon sukari da hawan jini ka gani. Likita zai yi bayani da baki, amma takardar da ake ba majiyyaci ya tafi da ita gida sau da yawa da Turanci take, kuma ɗan makarantar da ke gidan shi ke fassarawa. Na ga wata baiwar Allah da aka rubuta mata ta cut out lemon kwalba. Jikanta ya ce mata ragewa ake nufi. Ta koma shan ɗaya a rana maimakon biyu, tana ganin ta bi doka, ta dawo mana sukarinta ya hau. Na kuma ga akasin haka: an ce wa wani dattijo ya cut down on abinci mai sitaci, gida suka ɗauka hani ne, suka ɗauke masa tuwo da shinkafa gaba ɗaya alhali yana kan magani, har jiri ya riƙa kwasarsa.

Gishiri ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a lissafin har da wanda ke cikin magi da abincin gwangwani. Wannan cut down on ne. Taba kuwa ba a cewa a rage, give up ake cewa, a bar ta har abada. Yanzu ni ba na barin majiyyaci ya fita sai na faɗa masa da Hausa: wannan ragewa za ka yi, wannan dainawa.

Maman Tagwaye, Tudun Wada:
Subhanallahi. Allah ya saka da alheri Sista. Maigidan nan ma yana da hawan jini, yau zan ɗauko takardarsa in sa yaran su sake karanta mini a tsanake.

Ɗalibin Hausa, Samaru:
Ina neman izini in sa baki. Ni ina ganin hanyar da ta fi sauƙi ita ce a nuna wa yaro cewa harshensa ma na yin wannan aikin, wurin da yake yi ne ya bambanta. Bature na liƙa ƙaramar kalma a bayan aikatau, Bahaushe kuwa ƙarshen aikatau ɗin yake juyawa. F. W. Parsons na jami'ar Landan ya tsara wannan tun 1960, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma har yau da shi ake koyarwa.

Ku duba: ci da cinye, sha da shanye. Wanda ya ci tuwo mai yiwuwa ya rage, wanda ya cinye bai bar komai ba. To wannan shi ne bambancin eat da eat up, drink da drink up, use da use up. Up ɗin nan ba sama yake nufi ba, ƙarewa yake nufi, daidai da aikin da ƙarshen cinye ke yi. Haka yanka da yanke. In masu wuta suka zo kan bashi, ba ma cewa sun yanka wuta, sun yanke muke cewa. Bature kuma cut off zai ce. Yaron da ya san saya da sayo da sayar da saye ba abu ɗaya ba ne tun yana shekara huɗu, ba shi da dalilin jin tsoron cut down da cut out da cut off.

Malamar Turanci, Samaru:
Wallahi ka taimake ni. Wannan na cinye da use up zan shiga da shi aji ranar Litinin. Sai dai a yi hattara, ba ko'ina ma'aunin ke daidaita ba. Up na give up da up na save up ba za ka same su a ƙarshen aikatau ɗaya na Hausa ba. Hanya ce ta buɗe wa yaro kai, amma sai ya haɗa da yawan karatu da sauraro.

Mai Shago, Sabon Gari:
Ni nawa tambayar daga bakin kanta take. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ciniki ya canza kama. Mai sayen buhu ya koma tiya, mai tiya ya koma mudu, mai mudu ya koma gwangwani. Madarar gwangwani ta kwanta, ta leda ke tafiya. Man gyaɗa sai ƙulli. Mutumin da ke hawa mota daga Samaru zuwa kasuwa kullum yanzu sai ya tara buƙatunsa ya zo sau ɗaya a mako. Kowa ka tambaya sai ya ce maneji ake yi. To wannan manejin, ya Bature ke faɗinsa? Ko manage ɗin dai ce?

Malamar Turanci, Samaru:
Alhaji, manage Turanci ce mai kyau, amma mun ɗora mata kayan da suka fi nata na asali. Mukan ce wa baƙo "manage this one," wato ya yi haƙuri da ɗan abin da ya samu. Baturen Ingila zai ɗan tsaya kafin ya gane. A wurinsa make do with ne: babu nama, an yi miya da wake ko busasshen kifi, "we made do with beans." In kuma maganar albashi ce da ke kai mutum ƙarshen wata da ƙyar, get by on ake cewa. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, mai iyali zai ce "we barely get by on it." Live on ita ce ba ta nuna wahala ko daɗi, abin da ake rayuwa a kansa kawai take faɗi.

Akwai kuma go without, 'yar'uwar do without, amma ta fi ta ɗaci. Do without na iya zama da son rai, mutum ya ga zai iya zama ba janareto. Go without kuwa an fi jin ta inda buƙata ce ta gaske aka rasa. Uwar da ta kwana da yunwa don yara su ci, "she went without food." Abokan cinikinka da suka koma gwangwani cut back suka yi. Waɗanda ka daina gani gaba ɗaya, wasunsu going without suke yi, Allah ya kawo musu sauƙi.

Mai Shago, Sabon Gari:
Amin Malama. Akwai su da yawa, wasu ma kunya ke hana su zuwa neman bashi.

Tsohon Hedimasta, Ƙofar Doka:
Mu wannan ne karo na uku da muke jin waɗannan kalmomi suna cika jaridu. Na farko 1982, lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi gwamnatin Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu. Na biyu 1986, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida da ake kira SAP. A lokacin muna karanta New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo gefe da gefe, abin da waccan ta kira cutbacks wannan ta ce rage kashe kuɗi. Ku lura da kalmar: in aikatau ne a rabe ake rubutawa, cut back, murya ta fi sauka a kan back. In suna ne a haɗe, cutback, murya a kan cut. Yara da yawa na faɗuwa a nan.

Akwai kuma wadda nake so matasa su riƙe da kyau, phase out. Ma'anarta a janye abu sannu a hankali, mataki bayan mataki, har ya ƙare. Ba ɗaya take da scrap ko remove ba, waɗanda ke nufin a cire lokaci guda. Shekaru ana muhawara a ƙasar nan ko tallafin mai phase out za a yi masa ko a cire shi tashi ɗaya. Wanda bai san bambancin ba, an yi muhawarar a gabansa bai san me ake ja a kai ba, alhali tukunyar gidansa ake magana.

Ɗan Kongo:
Baba, ai da an yi phase out ɗin da ba mu shiga wannan halin ba. Ni ra'ayina ke nan.

Wani Ma'aikaci, Gyallesu:
An sha gwada janyewa kaɗan-kaɗan ai, kowace gwamnati sai ta ja da baya. Ko a Janairun 2012 da aka cire shi tashi ɗaya, zanga-zanga ta sa aka mayar da wani ɓangarensa.

Mai Kula da Zaure:
'Yan'uwa, maganar tallafi tana da nata zauren. Mu tsaya kan tambayar Maman Tagwaye don yara su amfana.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Gayan:
Assalamu alaikum. Ina bin bayanin tun farko. Abin da ya ja hankalina shi ne addini ma ya raba waɗannan. Abin da yake haram, dainawa ake yi, babu zancen ragewa. Abin da yake halal kuwa, a Suratul A'araf aya ta 31 an ce a ci a sha kada a yi ɓarna. A Suratul Furƙan aya ta 67 an yabi bayin Allah da in za su ciyar ba sa almubazzaranci ba sa ƙuntatawa, suna tsayawa tsakani. Ina faɗin haka ne don wasu magidanta sun fake da tsadar rayuwa suna ƙuntata wa iyali alhali suna da hali, kuɗin data da na zaman majalisa ba su taɓa ba sai kuɗin cefane. Malama, wannan tsakaitawar tana da nata lafazin a Turanci?

Malamar Turanci, Samaru:
Allah ya gafarta Malam, akwai. Go easy on na nufin a yi amfani da abu da sauƙi, kada a cika hannu: "go easy on the oil." Ease off ko ease up on kuma sassautawa ce bayan an matsa. Na magidancin da ka ambata kuwa akwai skimp on, wato tsuke hannu a inda bai kamata ba, kuma kalmar zargi ce. "He skimps on food" ba yabo ba ne. Cut back on ba ta zargi ba ta yabo.

Maman Tagwaye, Tudun Wada:
Malama ga Hassana ta dawo da wata. Ta rubuta "Sugar is bad, so I cutted it down on." Ta ce in tambaya ko daidai ne.

Malamar Turanci, Samaru:
Ki ce mata ta yi ƙoƙari, gyara biyu ne. Na farko, cut ba ya canzawa: yau cut, jiya cut, babu cutted. Na biyu shi ne wurin zaman it. In 'yan rakiya biyu ne, kamar down on ko back on, ba a raba su da aikatau, abin da ake magana a kai can ƙarshe yake zuwa: "I cut down on it." In ɗan rakiya ɗaya ne irin out ko up, suna na iya zama ciki ko waje, "cut out sugar" ko "cut sugar out," duka daidai. Amma wakilin suna dole ya shiga tsakiya: "cut it out," "give it up." Ba a cewa "cut out it." Do without da go without kuwa ba a raba su ko da wakilin suna ne, "do without it."

Sannan in aikatau ne ya biyo baya sai ya ɗauki ing: "give up smoking," "cut down on eating out." Kada ta rubuta "give up to smoke."

Ɗan Kongo:
To Malama kin ga abin da nake faɗa. Dokoki huɗu kan abu ɗaya. Na yarda da Sista kan maganar asibiti, wannan ba ja. Amma har yanzu ina kan cewa a fara da reduce da stop, in yaro ya tsaya da ƙafarsa a kawo waɗannan.

Malamar Turanci, Samaru:
Kan tsari ba mu da saɓani sosai. Abin da nake ƙi shi ne a ba yaro jerin phrasal verbs ɗari a ce ya haddace, a jera duk masu cut wuri ɗaya ba tare da jimla ba. Haka ake yi a makarantu da yawa, kuma shi ke sa yara su tsane su. Ni ta maudu'i nake koyarwa. Makon kuɗin cefane mu ɗauki guda shida, kowane yaro ya rubuta abin da gidansu suka rage da abin da suka daina da abin da suka haƙura da shi. Babu yaron da ke rasa abin rubutawa a wannan zamanin.

Wani Ma'aikaci, Gyallesu:
Malama a ƙara da lay off. Na ga an rubuta kamfani ya yi lay off, na kuma ji wani na cewa "lay off the sugar."

Malamar Turanci, Samaru:
Ma'ana biyu ce. In ma'aikata ne, sallama ce don aiki ya ragu ko kuɗi sun yi ƙasa, ba don laifi ba, shi ya bambanta ta da sack. In abinci ne ko wata ɗabi'a, a ɗaga mata ƙafa ake nufi, kuma maganar abokai ce, ba a rubuta ta a jarrabawa ba a faɗa wa babba. In kamfanin bai kai ga sallama ba, ya dai rage yawan aikinsa, scale back ko scale down za ka gani.

Maman Tagwaye, Tudun Wada:
Ta ƙarshe daga Usaina. An ce su rubuta yadda mahaifiyarsu ke tanadi. Tana so ta ce ina zubin adashi don sayen keken ɗinki, amma watan jiya na taɓa kuɗin asusu saboda kuɗin makaranta.

Malamar Turanci, Samaru:
Abin da ake warewa duk mako put aside ne ko set aside. Tarawa don wani buri save up for ne. Taɓa ajiya kuwa dip into. Ta rubuta: "My mother puts aside some money every week because she is saving up for a sewing machine, but last month she had to dip into her savings to pay our fees." Adashi kuma ta bar shi da sunansa, ta bi shi da jimla ɗaya da ke bayyana cewa mata ne ke zuba kuɗi daidai wa daida duk mako, ɗaya ta kwashe, a zagaya har kowa ta samu. In ta gama ki ɗauki hoton shafin ki turo mini ta akwatin sirri in duba mata kafin Litinin.